Tanimu Ɗan Sulaiman, Sarkin Damagaram Mai Igwa da Albarushi

A wannan fili na tarihin mazan jiya mun saba kawo rayuwar wani daga cikin magabatan ƙasarmu ta kudancin Katsina, ko basarake, ko malami, ko attajiri. Bana mun ɗan tsallaka iyaka zuwa arewa, domin mu waiwayi wani sarki wanda bai taɓa mulkin Maska ko ƙasar Galadima ba, amma kakanninmu sun san sunansa, kuma sun san abin da sunan yake nufi. Wannan sarki shi ne Tanimu ɗan Sulaiman, Sarkin Damagaram, wanda ya rasu a shekarar 1884. Abin da ya sa muka zaɓe shi bai wuce halin da muke ciki ba. 'Yan uwanmu da ke zaune a Kaduna da Kano da Abuja da Ikko, duk wanda ya zo gida hutun Salla a 'yan shekarun nan ya ga yadda bindigar toka ta dawo kafaɗar manomi, tun daga Faskari da Sabuwa da Dandume har zuwa Ƙanƙara da Bakori. Tun da bindiga ta sake shiga rayuwarmu ba tare da mun gayyace ta ba, ya kamata mu san mutumin da ya fi kowa a ƙasashen Hausa na wancan ƙarni fahimtar cewa ƙarfin bindiga yana ga albarushinta, kuma albarushi abin awo ne.

Asalinsa da gidan da ya fito

Gidan sarautar Damagaram ya samo asali ne daga wani malami da ya fito daga wajen Barno a farkon rabin ƙarni na 18. Zuriyarsa ta daɗe tana riƙe da 'yan ƙananan garuruwa a ƙarƙashin inuwar Barno, sai a zamanin Sulaiman ɗan Tintuma, wanda ya yi mulki daga 1812 zuwa 1822, aka mayar da fadar zuwa Zinder, garin nan mai manyan duwatsu da ke kimanin kilomita 240 arewa da Kano. Sulaiman ɗin nan shi ne mahaifin Tanimu.

Mu Katsinawa muna da tsohuwar alaƙa da wannan gida. Lokacin da jihadi ya ci birnin Katsina, Ummarun Dallaje ya zauna a gadon sarauta, sarakunan Haɓe da aka kora Damagaram suka nufa. A can Ɗan Kasawa ya sami mafaka na wasu shekaru kafin ya koma yamma ya kafa sabuwar Katsina a Maraɗi. Haka su ma sarakunan Daura na Haɓe, bayan an fitar da su daga birninsu, zuriyarsu da ta zauna a Zango da Baure ta shiga ƙarƙashin Damagaram. Ke nan akwai wani yanki na Jihar Katsina ta yau wanda a zamanin Tanimu Zinder yake kai gaisuwa, ba Sakkwato ba.

Bayan Sulaiman, ɗansa Ibrahim ne ya hau a 1822. Tsakanin Ibrahim da ɗan'uwansa Tanimu an daɗe ana kai ruwa rana a kan gadon sarauta. Tanimu ya hau a 1841, aka sauke shi a 1843, Ibrahim ya dawo. A duk wannan tirka-tirka, wuƙa da nama suna hannun Shehun Barno da ke Kukawa, domin Damagaram ƙasa ce mai biyan haraji ga Barno, kuma wanda Shehu ya amince da shi shi ne sarki. A ganinmu, waɗannan shekaru da Tanimu ya yi a gefe su ne makarantarsa. Ya ga da idonsa cewa sarautar da wani zai iya ba ka yau ya karɓe gobe aro ce, kuma sauran rayuwarsa ya ƙarar da ita ne wajen neman abin da zai hana a sake yi masa haka.

Baturen Ingila James Richardson ya sauka a Zinder a watan Janairu na 1851, Ibrahim yana kan gado, ya kuma rubuta abubuwa marasa daɗin ji game da farautar bayi da kisan gilla a garin. Bajamushen nan Heinrich Barth, wanda Hausawa suka sani da Abdulkarim, ya iso Zinder a ƙarshen 1852 kafin ya wuto Katsina a farkon 1853, ya kuma siffanta garin da cewa shi ne ƙofar ƙasar Sudan ga masu fitowa daga hamada. A cikin waɗannan shekaru na farkon 1850 ne Tanimu ya koma kan gado karo na biyu, kuma daga nan bai sake sauka ba sai da ajali ya zo, bayan shekara talatin ko fiye.

Ganuwa, kasuwa da bindiga

Aikinsa na farko da ake tunawa da shi shi ne ganuwar Birnin Zinder, wadda aka gina a tsakiyar shekarun 1850. A wajen ganuwar akwai Zango, unguwar fatake da Buzaye, inda ayarin raƙuma daga Agadas da Ghat da Gadamus da Tarabulus suke sauka. Tanimu ya gane amfanin wannan hanya, ya tsare ta, ya jawo 'yan kasuwa zuwa gare ta. Ta nan ake fitar da jemammun fatu da gashin jimina da bayi zuwa arewa, ta nan kuma baƙaƙen rawuna da turkuɗin Kano suke isa hannun Buzaye. Duk wanda ya san cewa Maska ta yi suna da saƙa da rini tun kafin zuwan Bature, kuma audugar ƙasarmu tana cikin wadda take ciyar da masaƙan ƙasar Hausa, zai gane cewa gumin kakanninmu ma ya ratsa kasuwar Zinder.

Abin da Tanimu ya fi so daga arewa shi ne bindiga. Domin mai karatu ya gane girman abin da ya yi, sai mun dubi yadda bindiga take a ƙasashenmu kafin shi. Ba baƙuwa ba ce. Mai Idris Alooma na Barno yana da 'yan bindiga tun ƙarni na 16, kuma tarihin Kano ya ambaci shigo da bindigogi daga Nufe a zamanin Sarki Kumbari, a ƙarni na 18. Amma yaƙi a ƙasar Hausa na doki ne da mashi da takobi da kwari da baka. Lokacin da Hugh Clapperton ya ga rundunar Sarkin Musulmi Muhammadu Bello tana yaƙar Gobirawa a Konya a 1826, bindigogin da ya ƙirga a cikin dubban mayaƙa ba su kai 50 ba. A Kukawa kuwa, 'yan igwa biyu na tagulla da Shehu Laminu yake da su, sai da wani kafinta Bature mai suna Hillman, wanda ya zo tare da Denham da Clapperton, ya yi musu ƙafafun katako a 1823 kafin a iya fita da su fagen fama.

To, a irin wannan duniya ce rahotannin da masana tarihi suka tattara suka ce Tanimu ya tara bindigogi kimanin 6,000 da igwa kimanin 40. Ko da an rage wani abu daga wannan adadi saboda halin masu ba da labari, abin da ya saura ya isa ya girgiza maƙwabta. Abin da ya fi adadin muhimmanci shi ne, ba saye kawai ya tsaya yi ba. A cikin Zinder aka riƙa zuba igwa, ana yi musu ƙafafu, ana ƙera harsasai, ana kuma harhaɗa albarushi. Masanin tarihin nan na Nijar, André Salifou, wanda ya wallafa littafi a kan Damagaram a 1971, da Ba'amurken nan Joseph Smaldone, wanda ya yi nazarin yaƙe-yaƙen daular Sakkwato, duk sun tsaya a kan wannan batu.

Sha'anin albarushi

A nan za mu ɗan daɗe, domin nan ne zuciyar labarin.

Bindiga ba tare da albarushi ba sanda ce, sandar ma mai nauyin banza. Sarkin da yake sayen bindiga daga Tarabulus, kuma yake jiran raƙumi ya kawo masa albarushi bayan tafiyar watanni a hamada, bai mallaki komai ba tukuna, domin ranar da aka tare hanya rundunarsa ta koma 'yan sanduna. Albarushin wancan zamani, wato baƙin albarushi, abubuwa uku ake haɗawa a yi shi. Akwai gawayi, wanda ba ya wuya a ko'ina. Akwai wani farin gishiri da ake tacewa daga ƙasa, wanda shi ma ana samunsa a ƙasashenmu. Na uku farar wuta ce, ita kuwa daga arewa ake kawo ta. Ke nan da Tanimu ya kafa masu wannan sana'a a gida, ya rage dogaronsa ga hamada zuwa abu guda mara nauyi, wanda raƙumi ɗaya zai ɗauko abin da za a daɗe ana aiki da shi.

Sai dai haɗa albarushi wani abu ne, samun albarushi mai hali ɗaya kullum wani abu ne dabam. Idan wuta ta taɓa albarushi a cikin bututun bindiga, yana ƙonewa ne cikin ƙiftawar ido ya zama iska mai zafi da ƙarfi, wadda ba ta da mafita sai ta tura harsashi gaba. Fiye da rabin abin da ya ƙone ba ya zama iska, toka yake zama da hayaƙi, shi ya sa bindigar ke turnuƙe fili, cikinta kuma yake daskarewa bayan harbi kaɗan. Ƙarfin turin ya dogara ne ga abubuwa da dama: tsabtar gishirin, yadda aka daka, girman ƙwayoyin, da kuma ko ya sha danshi. Mai laushi ya fi mai tsakuwa saurin ci. Wanda ya kwana a damina ba ɗaya yake da na rani ba. Saboda haka awo ɗaya na albarushi biyu mabambanta ba ya ba da ƙarfi ɗaya.

Ga inda haɗarin yake. In awo ya gaza, harsashi ya faɗi a gaban maƙiyi, ko ya tsaya a cikin lifidin doki bai yi komai ba. In ya zarce, ƙarfen bututun ne zai ba da kai, ya tsage a hannun mai harbi. Su kuwa bindigogin da ake kawowa Afirka a wancan ƙarni, akasarinsu na araha ne da ake ƙerawa a Birmingham ta Ingila da Liège ta Beljiyam musamman domin cinikin Afirka, ƙarfensu ba na amana ba ne. Mayaƙan Afirka ta Yamma sun saba da raunin albarushin da ake sayar musu, sai suka ɗauki al'adar cika awo domin su rama. Hanyar awon ma ta ido ce da yatsa: bayan an ɗura, a zura sandar ɗuri a duba yatsu nawa ta rage a waje. Mai jarumta yana ƙara yatsa domin a ji ƙararsa ta fi ta kowa. Wannan ne ya sa da yawa ba sa yarda su kai gindin bindiga kafaɗa su saita da ido, sai su riƙe ta nesa da fuska, su kau da kai, su harba. Wanda ya kau da kai kuwa ba ya samun abin da ya nufa sai da sa'a. Shi ya sa tsofaffin barade suka daɗe suna raina ɗan bindiga, suna ganin kafin ya sake ɗuri maharbin baka ya saki kibau da yawa. Sunan nan na harba-ka-ruga da ake yi wa adaka ba a banza ya samu ba.

Matsalar igwa ta fi haka girma, domin zubin tagulla yakan bar 'yan ramuka a cikin ƙarfe waɗanda ido ba ya gani, kuma in igwa ta fashe ba mutum ɗaya take ɗauka ba. Saboda haka ba ma zaton igwar Zinder ta kashe mutane da yawa a fagen fama. Aikinta na gaske shi ne ta firgita dawaki, ta karya zuciyar mutanen da ke bayan ganuwar ƙasa, ta kuma sanar da sarakunan maƙwabta cewa a Zinder akwai abin da babu a gidansu. Wannan aiki kuwa ta yi shi sarai.

Inda muke ganin basirar Tanimu ita ce, ya mayar da bindiga sha'anin fada. Basaraken da yake da dawaki da barori yana iya juya wa sarki baya, domin doki a bargarsa yake, ciyawa kuma a jejin Allah. Amma bindiga tana bukatar albarushi kullum, kuma in a fada ake yin sa, a fada ake ajiye shi, daga fada ake aunawa a ba mutum, to ɗan bindiga ba shi da ubangida sai sarki. Tanimu ya ɗora rundunarsa da mulkinsa a kan bayin sarki da manyan barorinsa, ya rage wa 'yan uwansa na jini ƙarfi. Mutumin da ɗan'uwansa ya taɓa raba shi da gado ba zai rasa dalilin yin haka ba. Sarakunan da suka zo bayansa a wasu ƙasashe sun bi wannan hanya. Maƙwabcinmu na kudu, Sarkin Zazzau Yero, ya kafa tasa rundunar 'yan bindiga ta bayi a shekarun 1890, kuma ƙauyukan ƙasar Zazzau sun ɗanɗana kuɗarsu.

Tsakaninsa da Barno da maƙwabta

Da wannan ƙarfi Tanimu ya faɗaɗa Damagaram ta kowace fuska. Ƙananan sarautun Sosebaki, irin su Mirriya da Dungas da Wacha, sun shiga hannunsa, haka ma ƙasar Muniyo da ke gabas, wadda ita ma da mai biyan haraji ce ga Barno kai tsaye. Wannan ya ɓata wa Kukawa rai ƙwarai. Lokacin da Bajamushe Gustav Nachtigal ya isa fadar Shehu Umar a 1870 da kyaututtuka daga Sarkin Furusiya, ya tarar da batun Tanimu da igwoyinsa yana cikin abubuwan da suka dami fadar. Amma Tanimu bai taɓa yanke igiyar gaba ɗaya ba. Yakan ja har ta yi kamar za ta tsinke, sa'an nan ya sassauta, ya aika da gaisuwa. Shi kuwa Shehu ba ya son ya gwada ƙarfi da ganuwar Zinder. A suna Damagaram tana ƙarƙashin Barno har Tanimu ya rasu, a aikace kuwa ita ke riƙe da kanta.

Ta fuskar kudu, zamaninsa ya zo daidai da na Sarkin Kano Abdullahi Maje Karofi, da na sarakunan Katsina Muhammadu Bello da Ibrahim, da kuma na Ɗan Baskore na Maraɗi, wanda hare-harensa suka hana ƙasar Katsina barci shekara da shekaru. Garuruwan iyakar Kano da Kazaure da Daura sun zauna cikin fargabar Damagaram. Mu da ke can kudu mun fi jin zafin Maraɗawa, amma duk wuta ɗaya ce, kuma ita ce ta sa kakanninmu suka zauna a cikin garuruwa masu ganuwa da gindin duwatsu, suka bar ƙasa mai albarka tana kwance.

Ba za mu rufe ido a kan abin da aka biya kuɗin bindigogin nan da shi ba. Da mutane aka biya. Ana kai hari a kamo bayi, a sayar, a sayi bindiga da farar wuta da jan ƙarfe, a sake kai wani harin da ya fi na baya. Wasu bayin an tura su hamada, wasu an zaunar da su a gonaki, wasu kuma an miƙa musu bindigar da aka saya da 'yan uwansu. Duk mai yabon ganuwar Zinder da igwoyinta, kuma sun cancanci yabo ta fuskar fasaha da tsari, ya tuna da ƙauyukan da suka zama kufai kafin a zuba igwa guda.

Shekarar 1884 da abin da ya biyo baya

Tanimu ya rasu a 1884. Wani abin mamaki shi ne, a wannan shekara ce wani masani Bafaranshe mai suna Paul Vieille ya ƙirƙiro albarushi mara hayaƙi, wanda ƙarfinsa ya ninka na baƙin albarushi. A wannan shekara ce Hiram Maxim ya fito da bindigarsa mai sarrafa kanta a Landan. A ƙarshen shekarar kuma Turawa suka zauna a Balin domin tsara yadda za su raba Afirka. Wato a shekarar da mai igwar Zinder ya kwanta dama, fasahar da ya ƙarar da rayuwarsa a kanta ta zama tsohon yayi, ba tare da kowa a ƙasar Hausa ya sani ba. A 1890 kuma, a taron Brussels, ƙasashen Turai suka amince su hana sayar wa yawancin Afirka bindigogin zamani, suka bar mana adaka da baƙin albarushi.

Gadon da ya bari ya yi aiki na ɗan lokaci. Bayan Sulaiman ɗan A'isha, ɗan Tanimu mai suna Amadu, wanda aka fi sani da Kuran Daga, ya hau a 1893, shekarar da Rabe ya rushe daular Barno, Damagaram ta zama ba ta da kowa a samanta. Amadu ya kai yaƙi har cikin ƙasar Kano a zamanin Sarki Alu. A 1898 aka kashe wani hafsan Faransa mai suna Cazemajou a Zinder. A ƙarshen watan Yuli na 1899 sojojin Faransa, waɗanda ba su kai rundunar Damagaram yawa ba ko kusa, suka karya ta a Tirmini, yamma da Zinder, suka shiga birnin, ba da daɗewa ba kuma aka kashe Amadu. Shekara 15 ke nan kacal bayan rasuwar Tanimu. Bindiga mai harsashin kwanso, wadda aka auna albarushinta a masana'anta, kowane harsashi daidai da ɗan'uwansa, ita ta yi galaba a kan bindigar da ake aunawa da yatsa. Abin da ya sami Zinder shi ya sami Kano da Sakkwato a hannun Ingilishi a 1903, a shekarar kuma Katsina ta miƙa wuya ba tare da yaƙi ba.

Yana da kyau mai karatu ya san inda sha'anin awo ya kai a yau. A ƙasashen da doka ta yarda maharba su sake ɗura kwanson harsashi a gida, kamar Amurka, ma'auni suke amfani da shi mai lissafi da wani awo wanda asalinsa nauyin ƙwayar hatsi ne, wanda sai an tara 7,000 ake samun laba ɗaya, wato ƙwaya guda ba ta kai kashi ɗaya cikin 15 na giram ba. Ma'aunin nasu yana rarrabe har kashi ɗaya cikin goma na wannan ƙwaya, kuma ba sa wuce iyakar da masana'anta ta gwada ta buga a littafi, domin albarushin zamani ba ya yafe kuskure. Wannan ne ya sa zuba albarushin harsashin zamani a cikin bindigar toka, wadda maƙeri ya yi da bututun ruwa ko sandar sitiyarin mota, yake daidai da riƙe bam a tafin hannu. Asibitocin yankinmu sun san irin raunin da fashewar bindiga ke yi wa yatsu da ido, kuma galibi hannun da ya lalace hannun noma ne.

A Nijeriya dokar makamai ta 1959 ta ba hukuma ikon wajabta lasisi ko da ga bindigar toka, ta kuma hana ƙera makami ko harsashi ba da izini ba. Mun san dalilin da ya sa mutanenmu suka koma ga maƙera. Wanda ya ga abin da ya faru a makarantar sakandaren Ƙanƙara a watan Disamba na 2020, inda aka kwashe ɗalibai fiye da 300 a dare ɗaya, ko wanda ya bar gonarsa ta auduga da masara shekara uku ba shuka, ba ya bukatar a yi masa bayani. Ita kanta kalmar 'yan bindiga, wadda a zamanin Tanimu take nufin dakarun sarki, kuma a ƙuruciyarmu take nufin masu buga bindiga a gaban hakimi ranar hawan Salla, yau ta zama sunan ɓarayin daji. Gwamnatin jiha ta kafa rundunar tsaron al'umma a watan Oktoba na 2023 domin a shigar da masu kare garuruwa cikin tsari da horo. Mu a wannan ƙungiya ra'ayinmu shi ne, gudummawar da 'yan uwa na birni ke aikowa domin tsaro ta bi ta hannun masu unguwanni da dagatai da hukuma, a kashe ta a kan horo da fitilu da babura da kula da waɗanda suka ji rauni. Ko Tanimu, da duk ƙarfin halinsa, bai bar kowane baransa ya daka albarushi a ɗakinsa ba.

Faransawa sun mayar da Zinder babban birnin mulkinsu na Nijar daga 1911 har zuwa 1926, lokacin da suka koma Yamai. Ganuwar Tanimu ta zube, sai 'yan guntaye a nan da can, amma fadar Sarkin Damagaram tana nan a cikin Birni, zuriyarsa kuma suna riƙe da sarautar. Mai son ganin wurin daga Katsina sai ya bi ta Daura, ya ƙetare iyaka a Kwangwalam, ya ratsa Matamai, kafin la'asar yana gindin duwatsun Zinder.